Kwalbar turare da shadda a gaban kyamara: ina za a ajiye fitila?

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum manyanmu. Ina neman taimako a kan hoton kayan sayarwa, musamman kwalaben turare da humra, da kuma shadda, irin wanda masu talla a Instagram da WhatsApp ke nema. Kayan aikin da ke hannu: kyamarar Canon mai ƙaramar sensa (farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara), lensi 50mm f/1.8, filashi ɗaya Godox TT600 da abin tayar da shi daga nesa, farar lema, da ƙafa-uku. A jikin kwalba wani farin tabo ke fitowa, har ƙarafunan lemar ana gani. Gefen kwalbar kuma yana narkewa cikin farin bango, ba a gane inda ta ƙare. Shadda kuwa, ko ta fito kamar leda saboda ƙyalli, ko ta mutu kamar yadin makaranta, launin ma ba na zahiri ba. Shin sai an sayi manyan fitilun situdiyo?

Malam Na Situdiyo:
Wa alaikumus salam ƙanina. Kada ka sayi komai tukuna, filashi ɗayan nan ya isa ya yi maka kwalba.

Abin da za ka fara riƙewa shi ne, kwalba madubi ce. Idan ka haska fuskar mutum ko buhun shinkafa, haske na sauka ya watsu ta ko'ina. Gilashi da ƙarfe mai sheƙi ba sa watsa shi, mayar da shi suke yi, kuma a kusurwar da ya sauka a ita zai tashi. Farin tabon nan hoton lemarka ne, shi ya sa har ƙarafunanta suka fito. Duk abin da ke gaban kwalba zai bayyana a jikinta, taga ce, kwan lantarki ne, ko farar rigar da ka sa.

Saboda haka ka bar haska kwalbar ta gaba, ka haska abin da ke bayanta. Ka samu takardar tiresin irin ta masu zanen gini, ko farin yadi mara kauri wanda ba zane a jikinsa, ka ɗame a firam na katako, mita 1 tsawo mita 1 faɗi. Ka tsayar da shi santimita 40 zuwa 50 a bayan kwalbar. Filashin ya koma bayan takardar da tazarar santimita 60 zuwa 80, yana fuskantar kyamara, ka buɗe zum ɗinsa zuwa 24mm don hasken ya bazu, kada ya taru a tsakiya. Yanzu hasken zai ratsa ruwan turaren, launinsa ya fito daga ciki.

Sai batun gefe. Gilashi yana lanƙwasa haske, shi ya sa gefen kwalba ke ɗauko abin da ke can dama da hagu. In can ɗin ma fari ne, gefen ya ɓace. Ka ɗauki baƙin kwali biyu ka rufe takardar ta dama da ta hagu, kana matso da su a hankali kana leƙa kyamara, har farin da ya rage ya cika abin da kyamara ke gani kawai, ba ƙari. Nan take za ka ga baƙin layi ya zagaye kwalbar. In ka matso da kwalayen sosai layin ya yi kauri, in ka ja su baya ya sirance. Kai za ka zaɓa.

A kyamara ka koma M, wato saitin hannu: ISO (ƙarfin jin hasken sensa) 100, ƙofar haske f/11, shota (tsawon lokacin da haske ke shiga) 1/160 na daƙiƙa, filashi ma a M, ka fara da ƙarfi 1/8. Kada ka wuce 1/200 a shota, domin a yawancin ƙananan kyamarorin Canon nan ne iyakar da labulen shota ke buɗewa gaba ɗaya. In ka wuce, baƙin layi zai yanke gefen hoton. Kafin ka kunna filashi ka ɗauki hoto ɗaya ba tare da shi ba. Ya kamata ya fito baƙi ƙirin. In ka ga wani abu a ciki, to hasken ɗaki na shiga aikinka, ka rufe labule ka kashe ƙwai.

Hajiya Mai Gyara:
Malam ya yi bayani mai kyau, amma in ka tsaya a nan, tambarin da ke gaban kwalbar zai fito duhu, tunda duk hasken daga baya yake. Mai kaya kuwa sunan turarensa yake son a karanta kafin komai.

Da fitila ɗaya hanyar ita ce ka ɗauki hoto uku ba tare da kyamara ko kwalba ta motsa ba. Na farko na ruwan turare da gefen gilashi, yadda Malam ya tsara. Na biyu na tambari: ka dawo da filashin gaba, ta gefe, kamar kusurwa 45, ta bayan wata takardar tiresin, ka duba rubutun kawai, kada ka damu da abin da ya faru da sauran kwalbar. Na uku na murfi. Murfin mai ruwan gwal ko azurfa shi ma madubi ne, in ba ka ba shi abin da zai nuna ba sai ya nuna duhun ɗaki ya fito baƙi. Ka riƙe babban farin kwali kusa da shi ta gefe ɗaya, ka haska kwalin, ka bar ɗan siririn baƙi a ɗaya gefen. Wannan baƙin shi ke sa ido ya gane ƙarfe ne, in ya zama fari duka sai ya yi kama da roba.

A Photoshop ka jera ukun leya a kan leya, ka sa mas baƙi, wato rufin da ke ɓoye leya, a kan na biyu da na uku, ka buɗe wurin tambari da wurin murfi da farin buroshi mai laushi. Sharaɗi: fokas a kan MF, wato na hannu, bayan ka saita shi, ka riƙa ɗauka da agogon daƙiƙa 2 ko ta kwamfuta da manhajar Canon ta EOS Utility, wanda kyauta ne. Hannunka ya taɓa kyamara sau ɗaya, layukan ba za su hau kan juna ba.

Kuma ɗana, ka wanke kwalba kafin ka ɗauka. Ka goge da ƙyallen goge tabarau, ka sa safar hannu ta auduga, ka hure ƙura da robar hura iska. Goge na minti 2 yana rage maka aikin minti 30 a kwamfuta, balle lokacin hunturu da ƙura ke sauka kana kallo.

Ɗan Kwari:
A ƙara masa da cewa ba kowace humra ce haske ke ratsawa ba. Farar humra mai kauri kamar madara, in ka haska ta baya sai ta yi duhu a tsakiya kamar ruwan kwata. Ita baƙin bango take so: ka juya tsarin Malam, baƙin kwali a tsakiya daidai bayan kwalba, farar takarda mai haske tana leƙowa dama da hagu a wajen abin da kyamara ke gani. Gefen kwalbar sai ya fito da farin layi, sannan ka tura mata haske mai laushi ta gefe. Turare mai duhu kamar oud kuma, ka yanka farin kwali ko takarda mai ruwan gwal daidai siffar kwalbar, ɗan ƙasa da girmanta don kada ta leƙo, ka jingina ta a bayanta a karkace ta fuskanci fitila. Ita za ta cillo haske cikin ruwan.

Injiniya:
Ni dai ban yarda mai koyo ya fara wannan aiki da filashi ba. Duk abin da aka faɗa a sama aiki ne na matsar da kwali santimita 2 ka ga me ya canza. Da filashi sai ka ɗauka, ka duba, ka gyara, ka sake ɗauka, kamar mai laluben allura a duhu. Da fitilar LED mai ci gaba da haske, irin Godox SL60W, idonka na ganin layin yana motsi a jikin kwalbar lokacin da hannunka ke motsa kwalin. Kaya ba sa gudu, kyamara na kan ƙafa-uku, in haske ya yi kaɗan ka sauke shota zuwa 1/4 ko daƙiƙa 1, ISO na nan a 100. A mako guda zai fahimci abin da filashi zai ɗauke shi wata uku.

Malam Na Situdiyo:
Injiniya, maganarka ta koyo gaskiya ce, amma akwai abu biyu. Da shota 1/4 duk hasken da ke ɗakin ya shiga hoton, sai ya jira dare ko ya toshe kowace taga. Da filashi a 1/160 da f/11, ɗan hasken rana da ke ɗaki ba ya tasiri. Na biyu, SL60W sai da wutar soket. In an ɗauke wuta aiki ya tsaya, TT600 kuwa batir AA 4 ne. Mai ƙaramin ƙarfi da ya riga ya mallaki filashi bai kamata a tura shi kasuwa ba. In gani yake so, ya ɗaure tocila mai ƙarfi a kan filashin ya saita kwalayensa da ita, ya kashe ta kafin ya ɗauka.

Injiniya:
Dabarar tocila na karɓa. Amma tunda an tabo wuta, ga abin da duk mai amfani da LED zai sani. Wutar Nijeriya da Nijar 50Hz ce, wato mitar juyawarta sau 50 a daƙiƙa, saboda haka fitila mai araha tana ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa, ido ba ya gani amma kyamara na gani. Alamarsa: ka ɗauki hoto biyar a jere da saiti ɗaya, wani ya fi wani haske, ko ka ga ratsi-ratsi a kwance. Ka tsayar da shota a 1/50 ko 1/100 ko ƙasa da haka. A kan janareta kuwa mitar ba ta tsayawa daram a 50, in nauyi ya hau ta sauka, don haka ka sauke shota sosai, 1/25 zuwa ƙasa. Sannan ka duba CRI, wato ma'aunin yadda fitila ke fito da ainihin launi, a jikin kwalin fitila, 95 zuwa sama. Ƙwan LED na gida da yawa a wajen 80 suke, kuma jan launi suka fi cutarwa: ja ya koma kamar ruwan ƙasa, ba kuma gyaran da zai dawo da launin da fitilar ba ta fitar ba tun farko.

Ɗan Koyo:
Allah ya saka da alheri. Na fahimci na kwalba. To shaddar fa? Wani ya ce in sayi folaraiza, wato filtar rage ƙyalli, in ɗaura a lensi, ƙyallin zai tafi gaba ɗaya.

Ɗan Kwari:
Wanda ya gaya maka haka bai san abin da ake saye a jikin shadda ba. Maiƙon nan shi ne kuɗin. Mai sayen Getzner, da zarar ya ɗaga yadi, karkata shi yake yi ya ga yadda haske ke gudu a kai. Kuma zanen shadda ba bugawa aka yi da fenti ba kamar na atamfa, saƙa shi aka yi da zare launi ɗaya: wani wuri zaren tsaye ne a sama, wani wuri na kwance. Abin da ke bambanta fure da fili shi ne yadda kowanne ke mayar da haske. Ka kashe sheƙin duka, ka kashe zanen, sai ta zama yadin makarantar da ka ambata.

Abin da kake so shi ne sheƙi mai faɗi mai laushi wanda ke raguwa a hankali, ba tabo mai ƙuna ba. Ka shimfiɗa shaddar a tebur, kyamara a gaba tana kallon ƙasa kamar kusurwa 45. Fitila ta koma baya, sama kaɗan, ta ɗan karkata gefe, ta bayan firam ɗin tiresin ɗin nan naka. In agogo ne a kwance a teburin, kyamara na ƙarfe 6, fitila na ƙarfe 10 ko 11. A gaba ka tsayar da farin kwali ya cike inuwa. Sai ka riƙa juya yadin kansa a hankali kana kallo, akwai inda zanen zai tashi tsaye, ka tsaya a nan. Kada ka shimfiɗa shi sumul kamar tabarma. Ka yi masa lanƙwasa biyu ko uku masu taushi, ka cusa takarda a ƙarƙashi ta riƙe su, don a hoto ɗaya a ga inda ya yi sheƙi da inda ainihin launin ya zauna. Layin ninki na kamfani kuma ka bar shi in a ninke za a nuna, in a buɗe ne ka zaɓi tsakanin layuka biyu ka matso.

Malam Na Situdiyo:
Ban ƙi ta taka ba Ɗan Kwari, amma kada mu sa ya ɗauka folaraiza ba ta da amfani. Ba dole a juya ta har ƙarshe ba. Zobe ne, kana juyawa ƙyalli na raguwa kaɗan-kaɗan. A shadda mai duhu, baƙa ko shuɗiya mai duhu, sheƙi kan rufe launin har ta fito toka-toka, juya ta zuwa rabin ƙarfinta na dawo da launin ya bar maiƙo. Ga takalmin fata, jaka, tambarin kwalba mai leda, da abinci mai mai, tana aiki sosai. Abin da zai sani: tana cin haske mataki 1 da rabi zuwa 2 (kowane mataki na rage rabin haske), sai ya ƙara ƙarfin filashi daga 1/8 zuwa wajen 1/2. Kuma a kan ƙarfe tsura, kamar murfin gwal ko zobe, kusan ba ta yin komai. Lensinsa in mai STM ne bakinsa 49mm, in tsohon mai lamba II ne 52mm, ya duba kafin ya saya.

Ɗan Kwari:
A kan mai duhu na yarda. A kan fara da ruwan madara da ruwan sararin sama, ya bar ta a jaka.

Injiniya:
Akwai lissafi ɗaya da zai hana shi wahala a yadi mai faɗi. Haske na raguwa da ninkin tazara sau kanta: ka ninka nisa sau 2, hasken ya koma kashi 1 cikin 4, wato mataki 2. Ka ɗauka faɗin yadin mita 1 ne, fitila na mita 1 daga tsakiyarsa ta gefe. Bakin kusa na rabin mita, bakin nesa na mita 1 da rabi, bambancin haskensu ninki 9 ne, ya haura mataki 3. Gefe ɗaya ya ƙone, ɗaya ya yi duhu. Ka ja fitilar zuwa mita 3: kusa 2.5, nesa 3.5, bambancin ya dawo wajen ninki 2, mataki 1 kacal, farin kwali ya cike sauran. Sai dai in fitila ta yi nisa tana ƙanƙancewa a idon kaya, inuwa ta yi kaifi. Shi ya sa firam ɗin tiresin zai tsaya kusa da yadin, filashin ne kawai zai ja baya. Taushin haske daga girman takardar yake zuwa, daidaituwarsa daga nisan filashin.

Hajiya Mai Gyara:
Yanzu launi, wanda a wurina ya fi duk abin da aka tattauna nauyi. Mace ta ga shadda ruwan hoda a waya, ta tura kuɗi daga wani gari, aka kawo mata ruwan goro. Kayan zai dawo, mai shago ya yi asarar kuɗin mota, kai kuma ba zai sake kiranka ba.

Abu na farko, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil na kyamara, ba JPEG ba. JPEG na ajiye darajar haske 256 a kowane launi, RAW mai bit 14 na ajiye 16,384, kuma a RAW kana iya sauya daidaiton fari bayan ɗauka ba tare da hoton ya lalace ba. Na biyu, kada ka bar daidaiton fari a kan AWB, inda kyamara ke zaɓa da kanta. Kyamara in ta ga jan yadi ya cika mata ido sai ta ɗauka hasken ne ja, ta zuba shuɗi don ta gyara. Ka sa yadi goma, kowanne da irin karkatarsa. Ka sayi katin toka mai kashi 18, ka ɗora a kan yadin a hoton farko, a ƙarƙashin fitilar da za ka yi aiki da ita. A manhajar gyaran hoto ta Lightroom ka taɓa katin da abin ɗigon daidaita fari, ka kwafe saitin zuwa sauran hotunan da Sync. In ka matsar da fitila ko ka canza takarda, ka sake ɗaukar katin. Farar takardar firinta ba ta maye gurbinsa, ana sa mata sinadarin ƙara fari mai karkata zuwa shuɗi, sai hotonka ya tafi rawaya.

Na uku, kada ka haɗa haske iri biyu. A ma'aunin launin haske (K), filashi na wajen 5500K, tsohon ƙwai mai zare na wajen 2700K, inuwar waje da rana na haura 7000K. In biyu suka sauka a kan yadi ɗaya, ka gyara gefe ɗaya ɗayan ya ɓaci. Bangon ɗaki ma fitila ne: in koren fenti ne a jikinsa, kore zai dawo kan farar shadda. Ka rufe shi da farin yadi ko baƙi.

Launukan da suka fi ba kyamara wuya su ne shunayya da shuɗin baba irin na marinar Ƙofar Mata, da ja mai ƙarfi. Shunayya kan fito shuɗi. A nan ka ajiye yadin a gefen kwamfuta kusa da taga da rana, ka shiga HSL, sashen gyaran launuka ɗaya-ɗaya a Lightroom, ka motsa Hue na Purple ko Blue kaɗan-kaɗan, 5 zuwa 10, kana kwatantawa. In aikin yadi zai zama sana'arka, ka nemi katin ColorChecker mai gida 24, ka yi wa kyamararka furofayil da shi. Ja kuma ka duba jadawalin haske (histogram) na launi uku a bayan kyamara, domin jan kan ƙone shi kaɗai alhali hoton gaba ɗaya bai nuna ya ƙone ba, zaren ya ɓace ya zama jan fili. Ka rage kashi 1 cikin 3 ko 2 cikin 3 na mataki.

Ɗan Koyo:
Hajiya, in mai kaya da kansa ya ce in ƙara wa launin ƙarfi da sheƙi don ya ja ido fa?

Hajiya Mai Gyara:
Ka cire ƙura, zaren da ya saki, yatsa a jikin gilashi, ka miƙe kwalbar da ta karkace, duk wannan gyaran hoto ne. Amma ka mayar da shadda mai araha ta yi maiƙon da ba ta da shi, ko ka canza launi, wannan algus ne, da hannunka a ciki. Ka nuna masa hoton kusa da yadin a waya biyu daban, ka gaya masa kayan da aka dawo da shi ya fi hoton da bai ja ido ba tsada. Abin da zai ja ido ka nema a haske da tsari, can ne halal ɗinsa yake.

Kuma ka lura da allonka. Yawancin kwamfutoci da wayoyi suna zuwa da haske fiye da kima, sai ka ga hoto ya yi kyau alhali duhu ne. Masu auna allo suna saita shi a 6500K, gama (yadda allo ke raba haske da duhu) 2.2, haske 100 zuwa 120 a ma'aunin hasken allo na cd/m². In ba ka da na'urar aunawa, ka rage hasken allo zuwa wajen rabi, ka dogara da jadawalin haske, ka kashe Vivid da abin kare ido na dare a wayar da kake gwaji da ita.

Malam Na Situdiyo:
Bari in koma kan f/11, kada ya ga lensinsa na kaiwa f/22 ya ce bari ya ƙure don komai ya fito. Da 50mm a ƙaramar sensa, f/11, tazarar santimita 60, zurfin abin da zai fito da kaifi wajen santimita 5 zuwa 6 ne, ya ishi kwalba. In ka matse ƙofar ta wuce f/11 zuwa f/16 da f/22, haske na tarwatsewa a bakin ƙaramin ramin, hoton duka ya yi laushi, kuma duk ƙurar da ke kan sensa ta fito ɗigo-ɗigo a farin bango. f/1.8 kuma a bar wa hoton fuska: gaban tambari zai fito, gefensa ya dushe.

50mm a Canon mai ƙaramar sensa daidai yake da 80mm a kyamara mai cikakkiyar sensa, kuma wannan alheri ne, domin yana sa ka ja baya, kwalba ta tsaya da siffarta. Ka sa lensin daidai tsakiyar tsayin kwalbar ko ƙasa kaɗan. In ka leƙo ta daga sama, kanta ya kumbura gindinta ya tsuke.

Ranar da aka kawo maka zobe ko ɗan kunne, wannan lensin ba zai matsa ƙasa da santimita 35 ba. Sai lensin makro, 90mm ko 100mm, ko zoben ƙarin tsawo da ake sawa tsakanin lensi da kyamara. A girman 1:1, wato abu ya faɗo kan sensa da ainihin girmansa, da f/11 zurfin kaifi bai kai milimita 1 ba. Dole ka ɗauki hoto 15 ko 20 kana matsar da fokas kaɗan-kaɗan daga gaba zuwa baya, ka haɗa a Photoshop da Auto-Align Layers sannan Auto-Blend Layers, ko da manhajar Helicon Focus.

Ɗan Koyo:
Na gwada tsarin kwalbar yanzu. Baƙin layin gefe ya fito, abin ya yi kyau ƙwarai. Saura biyu: hoton ya yi hazo-hazo kamar an shafa masa farin gari, baƙin tambarin ma ya koma toka. Sannan a wata shadda ruwan toka na ga wasu layuka masu launin bakan gizo suna murɗewa, alhali ba su a jikin yadin.

Injiniya:
Hazon nan bangonka ne ya yi haske fiye da kima, yana dukan lensi kai tsaye yana yawo a cikinsa. Mutane na ƙure filashi don bango ya yi fari tas, sai ya cinye gefen kaya. Ka rage ƙarfi har sai gargaɗin ƙonewa a bayan kyamara ya fara ƙyaftawa a bangon kawai, ka tsaya. Fari tas a lamba shi ne 255, in ka samu 245 zuwa 250 a kyamara, Whites a Lightroom zai ƙarasa. Ka danne Alt kana jan sa ka ga inda ya fara ƙonewa. Ka sa hular lensi, ka cire duk wata filta mai araha da ke gabansa, ka goge shi. Ka kuma rufe saman takardar da ƙasanta da baƙin kwali kamar yadda ka rufe gefe, duk farin da kyamara ba ta gani ba shi da aikin yi sai kawo hazo.

Hajiya Mai Gyara:
Layukan bakan gizon kuma saƙar yadin ce ta yi karo da jerin ɗigon sensa, ƙanana biyu masu tsari ɗaya suka hau kan juna. Ka fara buɗe hoton a kashi 100. In babu su a nan, allon ne ya ƙirƙira su wajen ƙanƙanta hoton, fayil ɗinka lafiya lau. In suna nan, gyaransa a wurin ɗauka ya fi sauƙi: ka matsa gaba ko baya santimita 10 zuwa 15, ko ka ɗan juya yadin, ka sake ɗauka ka duba. A nan ne kaɗai zan ce ka gwada f/16, domin laushin da Malam ya yi gargaɗi a kai yana kashe su. In an riga an mayar da kayan, a buroshin Lightroom akwai Moiré, sunan irin waɗannan layukan, ka shafa a wurin kawai. Yana cire launin, amma sau da yawa inuwar layin na saura.

Wajen fitar da fayil: tsarin launi ya zama sRGB, ba Adobe RGB ba, in ba haka ba launi zai kwanta a wayoyi da yawa. Na Instagram 1080 a 1350 a tsaye, inganci 80 zuwa 85, kaifi na allo bayan an rage girma. In za a buga a takarda, cikakken girma a 300ppi (ɗigo 300 a kowane inci), fayil daban. Ka tura wa mai kaya ta WhatsApp a matsayin Document, domin in ka tura a matsayin hoto zai matse shi, zaren shaddar da ka sha wuya a kai ya dame. Ka gaya masa shi ma ya ɗora daga wannan fayil ɗin, kada ya ɗauki hoton allo.

Ɗan Kwari:
In cikin kayan akwai turaren wuta, hayaƙin ba ya fitowa da hasken gaba. Baƙin bango, mita 1 ko fiye a bayan kaskon. Filashi ta baya a gefe, ka zuƙe zum ɗinsa zuwa 105mm ko ka naɗa masa baƙin kwali kamar bututu, ya ratsa hayaƙin kawai, kada ya taɓa bango kada ya shiga lensi. Ƙarfi 1/16 ko ƙasa, domin a ƙaramin ƙarfi walƙiyarsa ta fi gajarta, tana tsayar da murɗawar hayaƙin, in ya yi duhu ka ɗaga ISO zuwa 400. A kashe fanka, a rufe ƙofa, garwashi ɗaya ƙarami ya isa. Bayan kowane hoto goma ka buɗe ƙofa iska ta shiga, in hayaƙi ya cika ɗakin baƙin bangon zai koma toka. Kaskon da kwalbar turaren ka ɗauke su daban kafin ka sa wuta, ka haɗa da mas yadda Hajiya ta nuna.